Bayan An Cire Ƙari A Kai, Saura Me?

Wannan shi ne jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiyarmu ya gabatar a babban taron shekara da aka yi a nan Jalingo. Mun buga shi kamar yadda aka faɗe shi, sai ɗan gyara kaɗan.



Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, shugabannin kasuwa da na tasha, iyayenmu mata da ke zaune can ɓangaren hagu, da sauran 'yan'uwa baki ɗaya, muna yi maku barka da zuwa. Waɗanda suka taso daga Mutum Biyu da Iware da Garba Chede da Zing, sannunku da hanya.

An ba kwamitin lafiya minti 30. Bana ba za mu cinye su wajen karanta lissafin wanda aka kai asibiti da wanda aka saya wa magani ba, ma'aji zai yi wannan in mun sauka. Magana guda muka zo da ita, kuma asalinta wata kwalba ce da muka haƙa rami muka binne da hannunmu.

Da yawanku kun san 'yar'uwar tamu da za mu yi zancenta, don kun sa kuɗinku a jinyarta. Ba za mu kama suna ba, amma ita da maigidanta sun yarda a ba da labarin, hasali ma ita ce ta ce a ba da shi. A ƙarshen 2018 ta fara ciwon kai, irin wanda ke tada mutum da asuba, wani lokaci har da amai. Daga nan ƙafarta ta hagu ta soma ja, takalmi ya zame mata ba ta sani ba. Ran nan tana tuƙin tuwo sai ta yanke jiki ta faɗi tana karkarwa, Allah Ya kiyaye ba a cikin wutar ba. Mace mai shekara 40 da 'yan kai, mai 'ya'ya 5, wadda ba ta taɓa farfaɗiya ba tun da uwarta ta haife ta. To, kun san halinmu. Aka ce iska ce, aka ce sammu ne, aka yi ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe har wata 7, kuma saura ƙiris zargi ya raba gidan, domin akwai abokiyar zama. Sai da wata ƙanwar mijin, ma'aikaciyar jinya, ta kafe ƙafa, sa'an nan aka ɗauki hoton kan. Hoto ya nuna ƙari kamar ƙwan agwagwa a saman kai ta ɓangaren dama, ya danne ƙwaƙwalwa.

Ƙungiya ta yi abin a yaba mata. Aka zagaya kasuwa rumfa-rumfa, aka yi yekuwa bayan sallar Juma'a, 'yan tasha suka ba da mota. A daminar 2019 aka yi mata aiki a wani babban asibitin koyarwa a wajen jihar nan, awa 7 tana ɗakin tiyata. Da aka fito da ita sai aka miƙo mana wata kwalba, da tsoka a ciki cikin ruwan magani, haɗe da takarda, aka ce mu kai ɗakin gwaji mu biya. A lokacin kuɗin hannunmu ya ƙare ƙaf, ko na komowa gida sai da muka ranta. Wani dattijo cikin dangi ya ce, ai an riga an cire ciwo, me kuma ya rage a gwada? Wannan naman ɗan Adam ne, haƙƙinsa a suturta shi. Mu 3 ne daga wannan kwamiti a wurin, babu wanda ya buɗe baki ya ce a'a. Muka binne.

Ta dawo Jalingo da ƙafarta. Aka yi walima aka yi addu'a, mu kuma muka rubuta a littafin kwamiti cewa an gama. Ta koma ganin likita sau ɗaya bayan wata 3. Komawa ta gaba ta faɗo daidai lokacin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi saboda korona a 2020. Da aka buɗe hanya kuwa tana jin garau, ga tafiya da nisa, ga hoto da tsada, sai zancen ya bi ruwa. A farkon 2022 ta sake faɗuwa. Ƙarin ya dawo nan inda aka cire shi, wannan karon ƙulli biyu. Tambayar farko da likitan ya yi mana ita ce, ina sakamakon gwajin na farko? Muka sunkuyar da kai.

Tun daga ranar muka sa kanmu makaranta. A cikinmu akwai ma'aikatan jinya 2 da mai haɗa magani 1, muka yi ta tare likitoci da tambaya har suka gaji da mu. Abin da muka koya shi za mu gaya maku, gwargwadon yadda zai shiga Hausa.

Sunan wannan ƙari a bakin likitoci maninjiyoma. Ba daga ƙwaƙwalwar kanta yake tsirowa ba. Duk wanda ya taɓa fasa kan rago ya san akwai wani tantani da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, tsakaninta da ƙoƙon kai, mahautan da ke nan sun fi mu sani. A jikin mutum wannan tantani hawa 3 ne, kuma daga jikinsa ƙarin ke tohowa, ya yi ta girma sannu-sannu yana tura ƙwaƙwalwa gefe. Cikin ƙarin da ke tsirowa a cikin kan manya, shi ya fi yawa, ya haura kashi ɗaya cikin uku. Ya fi kama mata, kamar mace 2 ga namiji 1. Ba a ɗaukarsa daga jikin wani. Alamarsa kuwa ta danganta da inda ya zauna. In a sama ne, ƙafa ce ke ja. In kusa da jijiyar ido ne, gani ke dushewa, ko ido ya turo waje. In a goshi ne, halin mutum ke sakewa, har a ce ya taɓu. Amma abu ɗaya muke roƙo kowa ya tafi da shi gida: babban mutum wanda bai taɓa farfaɗiya ba, in ya fara ta da girma, a ɗauki hoton kansa. A yi addu'a, a kuma ɗauki hoton, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Dawowar wannan ƙari ba baƙon abu ba ne, kuma ba a ƙasar talakawa ya fara ba. Likitan da ya raɗa masa suna a 1922, Harvey Cushing na Amurka, shi ake wa kallon uban tiyatar ƙwaƙwalwa ta zamani. A 1910 ya cire irin wannan ƙari daga kan wani babban soja, Janar Leonard Wood, wanda shi ma da jan ƙafar hagu da farfaɗiya ya zo, tamkar 'yar'uwarmu. Janar ya warke, ya riƙe shugabancin sojojin ƙasa na Amurka, ya nemi tsayawa takarar shugaban ƙasa a 1920, daga baya aka tura shi gwamna a ƙasar Filifin. Ƙari ya dawo. A 1927, shekara 17 bayan aikin farko, Cushing ya sake buɗe kan a birnin Boston, Janar bai tashi ba. Mun kawo wannan ne saboda masu cewa in ƙari ya dawo, to likita ne bai iya aikinsa ba, ko kuma da ma ba ciwon asibiti ba ne. Ga gwanin gwanaye, ga mara lafiya mai gata, kuma ya dawo.

Abu biyu ke nuna ko zai dawo, da kuma yaushe. Na farko, nawa aka cire. Na biyu, wane iri ne.

Na farkon manoma za su fi saurin ganewa. Kun san tofa. In ka sheme ta daga sama gona ta yi fes, amma saiwar na nan a ƙasa, ruwan farko za ta gaishe ka. A 1957 wani likita ɗan Ostareliya, Donald Simpson, ya bi diddigin mutum 265 da aka yi wa wannan aiki a Ingila, ya kasa aikin mataki 5. Mataki na farko shi ne a cire ƙarin duka, a yanke tantanin da ya tsiro a kai, a kankare ƙashin da ya taɓa. A nan 9 cikin 100 ne ya dawo masu. In an cire ƙarin aka ƙona gurbinsa kawai, 19 cikin 100. In an cire aka bar gurbin yadda yake, 29. In kuwa an bar wani yanki na ƙarin, kimanin 4 cikin 10. Har yau likitoci na rubuta wannan mataki a takardar aiki da sunan Simpson. Wani binciken da aka buga a 1985 daga wani babban asibiti a Boston ya ƙara mana da lissafin shekaru. Waɗanda aka cire wa duka, 7 cikin 100 ya dawo masu cikin shekara 5, 20 cikin shekara 10, 32 cikin shekara 15. Waɗanda aka bar wa saura kuwa, 37 cikin shekara 5, 55 cikin shekara 10, kuma kafin shekara 15 ya motsa a jikin 91 cikin 100.

Kada wani ya ce, to don me likita zai bar saura? Wani lokaci barin shi ne hikima. A tsakiyar kai, daga goshi zuwa ƙeya, akwai wata babbar magudanar jini da ƙarin ke son liƙewa a jikinta. A gindin ƙoƙon kai kuma jijiyoyin gani da ji da haɗiya ne a cunkushe. Likitan da ya ce sai ya kankare komai a irin waɗannan wurare, yana iya ba ka hoto mai tsabta da mara lafiya makaho ko shanyayye. Saboda haka in ya ce ya bar kaɗan, ba abin faɗa ba ne. Abin yi shi ne a tambaye shi: nawa aka bari, a ina, kuma me za a yi da shi?

Na biyun, watau wane iri ne, ido ba ya ganinsa, ko idon likitan da ya yi aikin. Hoto ma ba ya tabbatar da shi. Sai an yanka tsokar siriri-siriri, an rina ta, an sa a madubin likita, an ƙirga ƙwayoyin da ke cikin rabuwa. Wannan shi ne aikin kwalbar da muka binne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa maninjiyoma aji 3. Aji na ɗaya shi ne mai sanyin hali, kuma alhamdu lillahi shi ne kimanin 80 cikin 100. In an cire shi da saiwarsa, akasarin mutane sun rabu da shi ke nan. Aji na biyu kimanin 15 zuwa 20 ne cikin 100. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, in mai duba ya leƙa wurare 10 ya ƙirga ƙwayoyi masu rabuwa daga 4 zuwa 19, aji na biyu ne. Daga 2016 aka ƙara da cewa ko bai kai haka ba, muddin ya soma kutsawa cikin naman ƙwaƙwalwa, ana iya sa shi a wannan aji. Shi wannan ko an cire shi duka, kimanin mutum 3 zuwa 4 cikin 10 yakan dawo masu kafin shekara 5. Duk da haka mafi yawan masu shi, kamar 8 cikin 10, suna nan da ransu bayan shekara 5, don haka ba abin yanke ƙauna ba ne, abin sa ido ne. Aji na uku shi ne mugun, wanda za a kira daji kai tsaye. Bai wuce 1 zuwa 3 cikin 100 ba, ƙwayoyi masu rabuwa 20 ko fiye. Dawowarsa ta fi rashin dawowarsa yawa, kuma da wuri, jefi-jefi ma yakan aika zuwa huhu. A rahotanni da dama kusan rabin masu shi ba su kai shekara 5 ba. A 2021 hukumar ta ƙara wani abu: in gwajin ƙwayoyin gado ya nuna ko da ɗaya daga cikin wasu canje-canje guda 2, ɗaya ana ce masa TERT, ɗayan CDKN2A/B, to aji na uku ne ko da a madubi ya yi kama da mai sauƙi. Wannan gwaji da tsada yake, ba kowane asibiti ke yinsa ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi ba mu tsoro. Ƙarin da ya dawo yana iya dawowa da aji sama da na farko, kuma tazarar da ke tsakanin dawowa da dawowa raguwa take yi. Aiki na biyu ya fi na farko wuya, domin tabo ya riga ya manne da ƙwaƙwalwa. Damar da ta fi kowace ita ce ta farko, da abin da aka yi cikin watannin da suka biyo bayanta.

To me sanin aji zai canza? Abu biyu. Na farko gashi. Ba gashin ƙashi muke nufi ba, wanda ake yi wa mai karaya ko shanyewar jiki. Wani inji ne da ke harba haske mai ƙarfi daidai gurbin ƙarin, don ya kashe ƙwayoyin da wuƙa ba ta gani ba. Ana yinsa kullum, Litinin zuwa Juma'a, kimanin sau 30, watau mako 6. Kowane zama 'yan mintoci ne, ba zafi, sai gajiya da zubewar gashin kai a wurin. Mai aji na uku, gashi dole ne bayan aiki. Mai aji na biyu da aka bar wa saura, haka nan. Mai aji na biyu da aka cire wa duka, likitoci ne za su zauna su auna. Ruwan maganin daji da ake ƙarawa ta jijiya, wanda ke aiki a kan wasu cututtukan, a kan wannan bai nuna wani abin kirki ba, don haka wuƙa da gashi su ne makamai.

Na biyu, yawan komawa hoto. Ƙa'idar da likitocin Turai suka fitar a 2021 ta ce mai aji na ɗaya ya yi hoton MRI sau ɗaya a shekara har shekara 5, daga nan duk shekara 2. Mai aji na biyu duk wata 6 har shekara 5, daga nan shekara-shekara. Mai aji na uku duk wata 3 zuwa 6. Ku lura, ba a ce in ya ji ciwo ba. Ƙarin da ya kai ga sa mutum faɗuwa ya riga ya girma. Wanda hoto ya kama yana kamar ƙwayar gyaɗa, mai shi bai ma san da shi ba, shi ne mai sauƙin magani, wani lokaci gashi kaɗai ya ishe shi.

Da aka yi wa 'yar'uwarmu aiki na biyu a 2022, mu da kanmu muka ɗauki kwalbar muka kai, muka biya, muka karɓi rasit. Bayan mako 3 sakamako ya fito: aji na biyu. Likita bai zarge mu ba, abin da ya ce kawai, da ya ga wannan takarda a 2019 da bai sallame ta haka ba. Ta yi gashi mako 6. Yau tana nan, tana saye da sayarwarta a cikin gida, amma ƙafar hagun ba ta koma daidai ba, da sanda take zuwa unguwa, kuma maganin farfaɗiya ya zama abokin zamanta. Kuɗin aiki na biyu da gashi ya ninka na farko, kuɗin gwajin da muka ƙi biya kuwa bai kai na ɗan akuya ba.

Game da maganar suturta naman, mun kai ta gaban malamanmu, wasunsu suna nan zaune. Suka ce neman sanin cuta yana cikin neman magani, kuma ba su ga abin da ya hana a gwada ba. Dattijon nan niyyarsa mai kyau ce. Laifin namu ne da muka san asibiti muka yi shiru. Kuma ku sani, ɗakin gwaji yakan ajiye yankin tsokar a cikin kaki, ta daɗe ba ta lalace ba. In wani asibitin ya so ya sake dubawa, ana iya rubuta takarda a nema.

Labari na biyu gajere ne, kuma bai ƙare yadda muke so ba. Wani ɗan'uwanmu mai harkar shanu, mutum mai kamun kai, a 2021 sai ya soma abin da ba halinsa ba. Ya sayar da sa ya manta wa ya sayar wa, ya zagi surukinsa a bainar jama'a, ya wuni a zaune bai ce uffan ba. Aka ce taɓin hankali ne. Ashe ƙari ne a goshi. Shi an kai tasa kwalbar, sakamako ya ce aji na uku. Aka yi aiki, aka yi gashi, bai cika shekara ba ya dawo. Aka sake aiki. Da ya dawo na uku, 'ya'yansa suka sa gidan da uwarsu ke ciki a kasuwa. A nan ne muka raka babban ɗan wurin likita, muka ce ya yi tambayar da mu Hausawa ke jin nauyin yi: wannan aiki na uku, in an yi, me zai ƙara masa, kuma a wane hali? Likita ya ce 'yan watanni, kuma mai yiwuwa a kwance. Ba a sayar da gidan ba. Aka dawo da shi Jalingo da maganin ciwo da na rage kumburi da na farfaɗiya, ya rasu a ɗakinsa a 2023, Allah Ya jiƙansa.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, tun ranar da sakamakon farko ya fito dangi suka ce a ɓoye masa. Bayan aikin farko hankalinsa ya dawo sarai na wasu watanni. Mutum ne da ke riƙe da shanun amana, ana binsa bashi yana bin wasu, kuma duk lissafin a kansa yake, ba a rubuce ba. Da an gaya masa gaskiya cikin hikima a wancan lokaci, da ya warware komai da bakinsa. Har yau da muke maganar nan, ana zaman sulhu kan waɗannan shanu. Mun san ɓoyewar tausayi ce. Mu dai a ganinmu, baligi mai hankali yana da haƙƙin ya san abin da takarda ta ce game da kansa, a zaɓi mai iya magana ya gaya masa.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya keɓanta da mu mazauna nan. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Nijeriya kaɗan ne, ba su fi ɗaya ga mutum miliyan ɗaya ba. Marigayi Farfesa Latunde Odeku ne ya buɗe sashen farko a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962. A Arewa, cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya tsaya wa, ta yaye likitoci da dama, kuma ana wannan aiki a Shika ta Zariya, da asibitin Malam Aminu Kano, da Jos, da Asibitin Ƙasa na Abuja. A nan gida, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha su ne ƙofar farko, a can za a duba mutum a ba shi takardar turawa in abin ya buƙaci haka. Injin gashi ya fi likitocin ma ƙaranci, kuma yakan lalace, saboda haka kada wanda ya hau mota sai ya buga waya ya tabbatar yana aiki.

Mu kuwa in ciwo ya yi tsanani, ɗabi'armu mu ce a kai shi gida. Bakano ya nufi Kano, Bazazzagi Zariya, Basakkwace Sakkwato. A can za a yi aiki, a can fayil zai zauna, mai jiki kuma ya dawo Jalingo inda rumfarsa da 'ya'yansa suke. Tsakaninsa da likitansa tafiyar wuni cur, ko ta Numan da Gombe, ko ta Wukari, kuma waɗanda suka bi ta Namnai bayan ruwa ya karya gadar a 2024 ba sai mun gaya masu ba. Wanda yake jin lafiya, wa zai ce masa ya rufe shago ya yi wannan tafiya don hoto kawai? A wannan tazara 'yar'uwarmu ta ɓace mana, ba a ɗakin tiyata ba.

Saboda haka kwamiti ya zo da shawara, kuma muna so a kaɗa mata ƙuri'a yau. Duk lokacin da ƙungiya ta yi yekuwar kuɗi don aikin kai, a ware kashi ɗaya cikin 5 a hannun ma'aji, ba za a taɓa shi ba sai don gwajin tsoka da hotunan baya. Kwamiti kuma ba zai ƙara rubuta an gama a gaban sunan kowa ba. Za mu buɗe littafi, mu rubuta ajin ƙarin da matakin aikin da ranar hoto na gaba, in rana ta matso mu buga waya, in ba a ɗauka ba mu yi sallama a ƙofar gida. Sa'an nan muna roƙon duk mai ɗan'uwa da ke da ɗaki a Zariya ko Abuja ko Kano ko Sakkwato ya ba sakatare suna, domin mako 6 na gashi masauki ne ke karya mutane, ba kuɗin injin kaɗai ba. Wannan ai gadonmu ne, da haka kakanninmu fatake suka iso ƙasar Muri, kowane gari da mai masauki.

Mun san akwai masu ja, mun ji su a zaman shugabanni. Sun ce asusun ƙungiya bai taka kara ya karya ba, ta yaya za a kulle kuɗi don hoton mai tafiya da ƙafarsa, alhali ga wata tana naƙuda ana neman jini? Maganarsu tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce, kuɗin da muke so a kulle ba na asusu ba ne, na yekuwar da aka yi da sunan mutumin ne. Kuma mun riga mun gwada ɗaya hanyar, ta ci mana yekuwa biyu da ƙafa guda.

Ga masu jinya a gida, ku nemi jaka ɗaya, ba leda ba. Takardar aiki, sakamakon gwaji, faifan hoto da rahotonsa, duk a ciki, kuma a ɗauki hotonsu a waya. Likitan da zai duba sabon hoto sai da tsohon a gefe zai san ko abu ya motsa. Maganin farfaɗiya ba a tsayar da shi don an ji sauƙi, in azumi ya gabato a tambayi likita yadda za a juya lokutan sha. Wanda ke faɗuwa kada ya tuƙa mota ko keke mai ƙafa uku sai likita ya sallame shi, kada ya je wanki Mayo Gwoi shi kaɗai, mata kuma a ɗauke masu hura wuta da jan ruwa a rijiya.

Hoton 'yar'uwarmu na gaba ya faɗo watan gobe, kuma har zuwa safiyar yau rabin kuɗin aka haɗa. Sakatare yana bakin ƙofa da littafi.

Shugaba, mun ci minti 5 a kan lokacinmu, a gafarce mu.